Zufar da Ma'azu Ya Ƙi Gogewa

Na san abin da kuke ji a gari. Tun kuna 'yan lakol, wato makarantar boko, ake tsokanarku da shi, har yau kuma in gardamar kokawa ta yi zafi a bakin tasha sai wani ya ce ai Baba Tela na Cadawa, wato ni, shi ne ya kayar da Ma'azu Gangara. Kun sha dawowa gida rai a ɓace, ni kuwa in ce ku rabu da su. Yanzu da gemu ya yi fari tas, ba na so in tafi in bar ku da labarin 'yan tasha. Ni nake wurin, ba su ba, don haka ku saurara.

Shekarar da tansiyo, ciwon hawan jinin nan, ta buge ni, ina tsaye ne a shago ina yankan shadda, sai almakashi ya suɓuce ya faɗi. Na sunkuya zan ɗauka, hannu ya ƙi zuwa. Na buɗe baki zan kira maƙwabcina, na ji maganar tana fita kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Aka kwashe ni zuwa Maraɗi. Da aka sallamo ni, ƙafa ta fara dawowa, baki ya ɗan miƙe, amma hannun dama yana rataye a jikina kamar hannun rigar da ba a sa ba. Likitan da ya duba ni ya ce hannun bai mutu ba, barci yake yi, kuma ba zai farka ba sai in ana ba shi aiki kullum, a fara da mara nauyi a riƙa ƙarawa. Mutanen gari kuwa sun riga likita gano ciwon. Wasu suka ce iska ce ta mare ni a gindin tsamiyar bayan kasuwa, wasu suka ce na zuba ruwan zafi a kan 'ya'yan aljanu. Ni dai abin da na sani shi ne tela ba shi da wata gona sai hannunsa na dama. Waɗanda suka kawo ɗinki suka riƙa zuwa gaisuwa, in za su tashi sai su ce bari su karɓi yadinsu kada ya dame ni. Aka lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane. Abinci ma sai na faki ido nake ci, don kada ku ga ubanku yana kai loma da hagu. Uwarku Rabi ta koma suyar awara a ƙofar gida, da ita aka riƙe ku. Ita ce kuma ta gaji da ganina zaune a zaure ina harare-harare.

"Malam," ta ce, "in jira kake hannun nan shi tashi da kanshi, to ka gyara zama, za ka daɗe. Tashi ka tahi gidan ƙarhen Lawali."

"Ni? Cikin ƙattin nan? Su yi mani dariya?"

"Su yi mana. Dariya ta taɓa hana keke juyawa?"

Na yi fushi na kwana biyu, sannan na tafi, don kun san halin uwarku.

Lawali mai walda ne, kuma abin da ake kira gidan ƙarfe wata rumfar kwano ce a bayan shagonsa. Ya samo sandar gindin tsohuwar mota, ya tara fayafayan birkin manyan motoci ana zura su a gefe da gefe, ya cika gwangwanayen madara da siminti, ga wata tayar tarakta da ake juyawa a yashi. Benci kuwa guda ɗaya ne tak, katako da aka lulluɓe da baƙar leda, a kansa ake kwanciya a tura ƙarfe sama. 'Yan kabu-kabu suna zuwa, masu dako suna zuwa, in an gama girbi kuma 'yan kokawa su cika wurin. Ranar da na fara shiga na tsaya baki buɗe. Shekara da shekaru ina auna kafaɗun mutane, ban taɓa sanin Allah ya yi irin waɗannan a ƙasarmu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne ladabin wurin. Ƙato ya shigo sai ya tuɓe takalmi a bakin rumfa kamar zai shiga ɗakin surukarsa. Ba mai ƙetare wanda ke kwance. Wanda ya jefar da ƙarfe ya yi ƙara, Lawali zai leƙo da gilashin waldarsa a goshi ya tambaye shi ko ubansa ne ya ƙera. Kowa ya tashi daga benci kuma, sai ya ɗauki tsumman da ke rataye a ƙusa ya goge zufarsa tas kafin na baya ya kwanta.

Kada ku ɗauka tsabta ce kawai ta sa ake wannan gugar. Ɗan kokawa ba ya wasa da zufa. A wurinsu zufar mutum jikinsa ce: in abokin karawarka ya samu tsumman da ya sha zufarka, ko yashin da ta ɗiga a kai, ya kai wa malaminsa, to an gama da kai tun ba ku shiga fage ba. Haka kuma ba sa yarda zufar wani ta taɓa su, don ba su san abin da ya sha ko ya shafa ba. Saboda haka kowa yana goge tasa don kada a ɗauka, na baya kuma yana sake gogewa don kada ya kwasa. Tsoro ne ya haifi ladabin, amma ladabin ya yi kyau, kuma ni ban ga laifinsa ba sai da ya juyo kaina.

A cikin masu zuwa akwai Ma'azu, ɗan Gangara. Kowace safiya yake tahowa a moto, wato babur, kawunsa Nomau a baya rungume da jakar layu. Nomau ne ya raine shi a kokawa, shi ke karɓo masa rubutu da turare, shi ke bin sa da tsintsiya yana tattara yashin da zufarsa ta zuba yana ƙullewa a leda. A shekarar nan ba wanda yake shakkar cewa Ma'azu na cikin waɗanda za a zaɓa su tafi Maraɗi da sunan yankinmu. Mutum ne wanda in ya tsaya a bakin rumfa sai ciki ya yi duhu, amma ba ka jin motsinsa. Yakan ɗaga abin da mutum biyu ba sa iya ɗagawa, ya ajiye shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Lawali ya sa layina a bayan na Ma'azu, ban san dalili ba. Sai na lura kullum in ya gama, bayan ya goge benci, yana zare fayafayan nan ɗaya bayan ɗaya har sanda ta koma tsirara, don ya san ita kaɗai nake iya taɓawa, ita ma sai Lawali ya riƙe mini gefe. In na kwanta ina fama, fuska ta karkace, hannu yana karkarwa, Ma'azu sai ya juya baya ya shiga gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta. Bai taɓa kallona a wannan hali ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ya rusuna ya ce, "Baba, an tashi lahiya?"

Matsalar tana ga waɗanda ke bayana. Ni mutum ne mai zufa tun asali, ciwon kuma ya ƙara, ga yawu da ke zubo mini ta gefen baki ban sani ba. Ina gogewa da hagu iyakar ƙoƙarina. Amma wanda ya yarda iska ce ta shanye mini jiki, ya yarda tana cikin zufar. Da fari sai na ga na bayana yana wanke benci da ruwa da toka. Daga baya suka riƙa shimfiɗa buhu. Can sai ya zama in na tashi ba mai kwanciya, kowa ya tuna yau ranar juya taya ce. Wasu suka daina zuwa gaba ɗaya. Ni kuwa a lokacin babban yatsana ya fara motsi, ɗan motsi kaɗan wanda ni da uwarku kaɗai muka sani, kuma na san in na bar bencin nan to na bar keke har abada. Wata safiya Lawali ya ja ni gefe yana sosa ƙeya.

"Baba Tela, don Allah kada ka ɗauke ta da zahi. Mi zai hana in ƙera maka naka benci can baya, ka riƙa zuwa da rana in mutane sun watse?"

"Da rana kana walda. Wa zai riƙe mani sanda?"



"Ka ware mani benci," na ce, "gobe a ware mani buta a masallaci, jibi a ware mani kwano a gidan suna. Lawali, ni na ɗinka rigar da ka sa ranar aurenka."

Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, don na gaji da raɗa. Ya ce to in yi na yau, a sake magana gobe. Na gane goben nan sallama ce. Na je na kwanta, ya riƙe mini sanda, na tura abin da zan iya, idona yana kan kwanon rumfa don kada in ga fuskar kowa. Da na tashi, ga shatin bayana nan a kan baƙar leda, jiƙe sharkaf yana ƙyalli. Na miƙa hagu na ciro tsumma. Wurin ya yi tsit, rediyon shagon Lawali kaɗai ke magana.

Sai na ji an riƙe tsumman. Na ɗaga kai, Ma'azu ne. Ya riga ya gama nasa, har ya sa riga. Ya karɓi tsumman daga hannuna da hannu biyu, yadda ake karɓar abu daga babba, ya mayar da shi kan ƙusa. Ya mayar da fayafayan birki kan sanda, ya tuɓe riga, ya zauna a bakin benci, ya kwanta da bayansa tsirara a kan zufata. Wallahi har na ji ƙarar ledar da ta manne da fatarsa. Na ga abubuwa a duniya, na je Makka na ga taron da ba shi da iyaka, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi irin ta wannan lokaci ba. Nomau ya yar da tsintsiya ya yi kururuwa.

"Ma'azu! Tashi! Ka san abin da anka yi ma jikin nan tun damina? Ka karya komi, ɗan nan, ka karya komi!"

"Kawu, zuhwar mutum ce," ya ce daga kwance. "Irin tawa ce."

Sannan ya juyo da ido wurina, karo na farko da ya dube ni a kusa da bencin nan.

"Baba, zo ka tsaya mani bisa kai. Ɗora hannunka na dama ga ƙarhen, kada shi kuɓuce mani."

Ni da ko cokali ba na iya riƙewa. Na kama hannun da hagu na ɗora shi a kan sandar, ya riƙa turawa sama yana saukewa, hannuna yana bin ƙarfen yana hawa yana sauka, ni kuwa hawaye suna zuba ban iya sharewa ba don hannun hagun yana tallafe da na dama. Da ya gama ya tashi ya ce mini ya gode, ya ɗauki tsumma ya goge tasa zufar kamar kullum. Wani ɗan kabu-kabu da ya fi kowa gudun bencin ya zo sumui-sumui ya kwanta. Washegari ba wanda ya tayar da maganar benci na biyu, buhun ma ban sake ganinsa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba ku sha tsokana ba. Nomau ya yi rantsuwa ba zai shiga fage da wanda ya zubar da aikinsa ba, ya tafi da jakar layunsa. Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ranar zaɓen 'yan kokawa a Agye, Lawali ya ɗauke ni a moto muka je. Fage ya cika, makaɗa suna ta zuba kirari, kowane ɗan kokawa ya fito ɗamarar layu har ƙirji, mutanensa suna biye suna fesa masa ruwa. Ma'azu ya fito shi kaɗai, ba komi a jikinsa sai walki. Ya kayar da na farko, ya kayar da na biyu, sai aka haɗa shi da wani matashi daga wajen Gidan Sori, siriri mai sauri kamar mazari. Suka daɗe suna riƙe da juna har makaɗa suka gaji. Can yaron ya shiga ƙarƙashinsa ya ja ƙafa, Ma'azu ya tafi gefe, gwiwarsa da hannunsa suka taɓa ƙasa. Na dama. Da na hagu ne da wataƙila an manta. Kafin alƙali ya ɗaga hannun yaron, na ga kawunan mutane suna juyowa wajen da nake zaune.

Kun tambaye ni ko na yarda zufata ce. Ban yarda ba. Yaron nan gwani ne, kuma wanda ya saba waiwayawa ya ga kawunsa a bakin fage, ranar da ya waiwaya bai gan shi ba dole ƙafarsa ta yi sanyi. Sauran kuma sanin Allah ne. Amma yarda ta daban, kunya daban. Na dawo gida na shige ɗaki na ce na gama da gidan ƙarfe. A ganina na ci wa bawan Allah shekararsa, bai kamata in ƙara nuna fuskata a inda yake ba. Wannan karon ko uwarku kunu kawai ta ajiye mini ta fita. Ana cikin haka, wata safiya da hantsi na ji moto ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Rabi ta leƙa ta dawo tana rufe baki da gefen mayafi. Ma'azu ne. Ya shigo zaure sai da ya sunkuyar da kai saboda ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, Lawali ya ce ba ka zuwa."

"Ɗana, ina zan sa fuskata? Ka ji abin da gari ke cewa."

"Na ji. Kaye kuwa na sha shi, ba yau anka fara kada ɗan kokawa ba. Amma in ka zamna gida, to ka ce masu gaskiyarsu ke nan. Sannan ni na kwanta bisa bencin nan a banza."

"Kawunka fa?"

"Kawuna kawuna ne, zai huce ko ba zai huce ba. Ɗauko hularka."

Na san in na hau moton nan, duk wanda ya gan mu tare zai ƙara tabbatar da maganarsa, kuma shi zai biya, ba ni ba. Na kuma san in ban hau ba, hannun nan ya tafi, ku kuma awara za ta ci gaba da riƙe ku. Na ɗauko hula. Muka ratsa tsakiyar kasuwa, ni a bayansa, bai ƙara gudu ba bai kuma bi ta lungu ba.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Rabin masu zuwa gidan ƙarfe suka sake watsewa, Lawali ya haɗiye asarar, Allah ya saka masa. Masu gayyatar Ma'azu kokawar ƙauyuka suka yi shiru, domin ba mai son ya rungumi jikin da aka ce iska ta shiga. Makaɗin da ke yi masa kirari ya koma bayan wani. Nomau ya shekara bai amsa gaisuwarsa ba. Duk da haka, har ƙarshen rani mutumin nan yana tahowa daga Gangara, ba kokawa a gabansa ba komi, ya yi nasa ɗagawar, ya zare fayafai, ya tsaya mini a kai. Shi ya fara zura mini ƙaramin faifai guda bai gaya mini ba, sai da na sauke ya yi murmushi. Da ruwa ya sauka ya koma gonarsa, bai kuma sake shiga babban fage ba. Ni na ci gaba da Lawali. Hannu ya riƙa dawowa kamar baƙo mai jin kunya, yau yatsa, wani watan cokali, can wata rana na rufe shago na ɗauki almakashi na yanka tsohon buhu tun daga sama har ƙasa. Bai dawo duka ba, kun ga yadda ƙaramin yatsan yake har yanzu, amma ya dawo daidai abin da zai juya keke ya kai ku inda kuka kai.

Bayan girbi na hau motar kasuwa na tafi Gangara ranar cin kasuwarsu. Na same shi a layin masu wake, zaune a kan buhu yana awo, ya ɗan yi ƙiba, mutane suna wucewa ba mai nuna shi da yatsa kamar da. Da ya hango ni ya miƙe zai rusuna. Ban bar shi ba. Na miƙa masa hannun dama, ni da kaina, ba tallafi. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya goge tafinsa a riga ya karɓa. Hannuna ya ɓace a cikin nasa. Na matsa.

"Ƙara, Baba," ya ce.

Na ƙara.

"Ƙara dai."

Na tattara duk abin da Allah ya mayar mini na matsa har kafaɗata tana rawa. Sai na ga ƙaton nan, a tsakiyar kasuwa, gaban masu awo da masu saye, idonsa ya cika ya zubo, bai ko juya baya ba.

"Na ji, Baba," ya ce. "Wallahi na ji."